Yashi a Takalmi

Aikin makarantar Saratu ne,
gajeren labari, shafi tara,
da tambaya guda da malama ta ja wa layi:
da idon wa muke kallon gidan nan?

Ta bar shi kan tebur, barci ya kwashe ta.
Na dawo daga tuƙin bas na ƙarshe,
ruwan Sheffield na ɗiga daga hulata.
Na ɗumama tuwo,
na janye takardun kada miya ta taɓa su,
sai ido ya faɗa.

Wani mai gyaran agogo ke magana,
mutumin zamanin fitilar aci-bal-bal.
Yabon matarsa yake, shafi bayan shafi:
ba ta ɗaga murya, ba ta ƙona girki,
shi ma bai taɓa hana ta komai ba.
Laraba kaɗai take fita,
ta dawo da yashi a takalmi.
Sau ɗaya ya ambaci yashin,
ya wuce zuwa tsadar gawayi.

Na ce, mutumin kirki.
Na wanke kwano na kwanta.

Bayan asuba na iske Lantana a tsaye,
cikin shuɗiyar rigar gidan kula da tsofaffi,
shayi a hannun dama, takardun a hagu.
Ta yi wata gajeriyar dariya
wadda ban san tana da ita ba.
"Yashin nan," in ji ta, "shi ne labarin."
Na ce, "Ai bai hana ta ba."
Ta ce, "Bai kuma tambaye ta ba."
Ta ɗauki lema ta fita.

Yini guda ina hawa tuddai ina sauka.
Madubi uku gare ni a bas,
ina ganin mai tsaye, ina ganin mai gyangyaɗi,
amma akwai kujera ɗaya bayan matakala
da madubi ba ya kaiwa.
Mutum zai zauna nan tun daga tasha har ƙarshen hanya,
in rantse da Allah motar babu kowa.

Shekara ashirin da ɗaya
ni ke ba da labarin aurenmu
a majalisar abokai bayan Juma'a:
na kawo ta daga Funtuwa,
na bar ta ta yi karatu,
na bar ta ta yi aiki.
Na bar ta.
Yau na juya kalmar a baki
na ji ƙarar makulli cikin aljihuna.

Duk Asabar takan ce za ta kasuwa,
awa uku, ta dawo da tattasai da kuɓewa.
Ban taɓa zarginta ba, har ina alfahari da hakan.
Ban kuma taɓa mamaki ba.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Fuskar na gabana safe da dare,
tambayar ce na manta a gida.

Da daddare na tambaya.

Ta daɗe tana juya cokali.
"Akwai wani lambu mai rufin gilashi a tsakiyar gari.
Da ɗumi a ciki. Da benci kusa da wata bishiya mai kama da giginya.
A can babu mai kira na Maman Saratu,
babu mai kira na matar Ɗanlami.
Zama kawai nake,
in ji yadda sunana yake idan ba a neman komai da shi."

Na ce, "In raka ki wata Asabar?"
Ta ce, "A'a."
Ta ƙara mini sukari, cokali ɗaya da rabi,
yadda nake so.

Saratu ta rubuta amsarta da biro:
idon mijin ne.
Malama ta ba ta maki.
Ni kuwa ranar Asabar na share tabarmar bakin ƙofa,
na tarar da busasshen ganye guda,
irin wanda babu a layinmu.
Na mayar da shi inda na same shi.